Minti Uku da Layi Biyar: Rubuta Zaman Duba Aiki a Gasar Hakaton

(Kiɗan taken shiri)

 Yau shirinmu na kimiyya da fasahar zamani zai leƙa zauren gasar ƙirƙira da ake kira hakaton, inda matasa ke haɗa kai su gina manhaja ko na'ura cikin kwana biyu. Idan an tashi irin wannan gasa, hotunan da ke yawo na waɗanda suka ci kyauta ne, suna riƙe da ƙaton ceki suna murmushi. Shirin na yau kuwa zai tsaya ne wurin wani mutum da ba kasafai ake ɗaukar hotonsa ba, wato wanda ke zaune a gefe da biro ko kwamfuta, yana rubuta abin da kowace tawaga ta faɗa duk lokacin da aka tara su domin a ji inda aka kwana. Sai a gyara zama.

Wannan gasa ba ta daɗe a duniya ba. A watan Yunin 1999 wasu masu rubuta manhaja su goma, masu aiki a kan tsarin kwamfuta na OpenBSD, suka taru a birnin Kalgari na ƙasar Kanada domin su yi aikin sirranta bayanai a wuri guda, nesa da dokokin Amurka da suka taƙaita fitar da irin wannan fasaha zuwa waje. A cikin watan ne kuma kamfanin Sun Microsystems ya ƙalubalanci mahalarta taronsa na JavaOne su rubuta manhaja ga wata ƙaramar na'urar hannu mai suna Palm V. Daga nan abin ya bazu. Manhajar hira ta GroupMe ta fito ne daga wata gasa da aka yi a birnin New York a 2010, kuma a shekarar da ta biyo baya kamfanin Skype ya saye ta. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana shirya tata duk shekara tun 2012, a birane masu yawa a lokaci guda. A Legas ma, ƙungiyar BudgIT da ke sauƙaƙa wa talaka fahimtar kasafin kuɗin gwamnati ta samo asali ne daga irin wannan zama da cibiyar Co-Creation Hub ta shirya a 2011.

Wanda ke son ganin yadda ake tafiyar da gasar a tsare, sai ya dubi Estoniya, ƙaramar ƙasa a arewacin Turai mai mutane kusan miliyan 1.3. A can ne aka kafa gidauniyar Garage48 a 2010, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Martin Villig, ɗaya daga cikin masu kamfanin Bolt da ke jigilar fasinja a Najeriya da Ghana. Tsarinsu sananne ne. Ranar Juma'a da yamma duk mai wata dabara zai fito ya tallata ta cikin daƙiƙa 90. Jama'a su zaɓi wadda ta kwanta musu, a kafa tawagogi, a duƙufa. Ranar Lahadi da yamma kowace tawaga ta hau dandamali ta nuna abin da ta gina yana aiki. A tsakanin waɗannan ranaku kuma akwai lokutan da aka ware, inda shugabannin tawagogi ke zuwa gaban jagorori su ba da bahasin aikinsu a gajarce.

Sa'a 48 tana da yawa a baki. Amma idan aka cire barcin dare biyu, da cin abinci, da ibada, da lokacin tallata dabaru a farko, da na nuna aiki a ƙarshe, abin da ya rage da ƙyar yake kai sa'a 30. Tawagar da ta ɓata rabin yini a kan hanyar da ba ta ɓullewa ta riga ta yi asarar da ba za ta iya mayarwa ba. Dalilin tsayar da aiki lokaci-lokaci a duba shi ke nan.

Muhimmancin rubuta wannan zama ya fito fili a watan Maris na 2020. Ranar 12 ga watan gwamnatin Estoniya ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda annobar korona. Washegari, Juma'a 13 ga wata, Garage48 da shirin gwamnati na Accelerate Estonia suka buɗe gasar da suka kira Hack the Crisis, aka yi ta kacokan ta intanet har zuwa Lahadi, da mahalarta fiye da dubu. Daga cikin abin da ya fito akwai Suve, manhajar da ke amsa tambayoyin jama'a a kan dokar ta-ɓacin, wadda ba a daɗe ba aka ɗora ta a shafukan gwamnati. Mako guda bayan haka Jamus ta yi tata mai suna WirVsVirus, daga 20 zuwa 22 ga Maris, da mutane kusan 28,000 da ayyuka kusan 1,500.

A gasar da ake yi a zaure, jagora yana iya zagayawa tebur-tebur. Fuska kaɗai ta ishe shi ya gane tawagar da ta rikice: wannan ya yi tagumi, wancan ya kifa kai, biyu suna jayayya ƙasa-ƙasa. A gasar intanet duk wannan babu. Kowa yana ɗakinsa, wani ma a wata ƙasar. Idan tawaga ta yi shiru, ba mai sanin ko aiki ne ya sha mata kai ko ta watse tun da asuba. Abin da masu shirya gasa ke iya gani shi ne abin da aka faɗa a zaman duba aiki aka kuma rubuta. Kuma babu ƙwaƙwalwar da za ta riƙe bayanin tawaga talatin, balle ɗari.

Shi wannan gajeren zama aro ne daga kamfanonin manhaja. A 1995 wasu Amurkawa biyu, Ken Schwaber da Jeff Sutherland, suka gabatar da tsarin aiki mai suna Scrum, wanda a cikinsa ma'aikata ke haɗuwa kullum na minti 15. Da yawa a tsaye suke yi, don kada hira ta yi daɗi. An daɗe ana amfani da tambayoyi uku a wannan zama: me aka yi jiya, me za a yi yau, me ya tare hanya. A bugun littafin tsarin na 2020 an cire tambayoyin, aka bar wa kowace tawaga ta zaɓi salon da ya dace da ita, amma har yanzu su ne ƙashin bayan abin da ake tambaya a gasar hakaton. Bambancin shi ne lokaci. Abin da kamfani ke yi sau ɗaya a yini cikin makonni, a gasa ana yin sa sau uku ko huɗu cikin kwana biyu, kuma masu yin sa galibi ba su taɓa aiki tare ba.

To me ake rubutawa? Abu biyar ne, kuma kowanne layi ɗaya ko biyu ya ishe shi. Na farko, abin da aka gama wanda za a iya nunawa. Na biyu, abin da tawaga ta ɗauki alkawarin gamawa kafin zama na gaba. Na uku, cikas. Na huɗu, sunan wanda zai kawar da cikas ɗin da lokacin da zai yi. Na biyar, duk wata shawara da aka yanke tare da dalilinta. A sama kuma a sa rana da ƙarfe nawa, da sunan tawaga, da wanda ya yi magana a madadinta.

Domin abin ya fito sosai, a ɗauki misali. A ce ana gasa a wata cibiyar fasaha a Kaduna ko Kano, kuma akwai tawaga ta mutum biyar da ke gina tsarin da zai riƙa tuna wa iyaye mata ranar kai jarirai rigakafi. Asabar da ƙarfe 10 na safe aka kira zama na farko. Shugabar tawagar ta yi bayani cikin minti uku, marubuci ya rubuta kamar haka. An gama: zanen shafuka uku a takarda, da hira ta waya da ma'aikaciyar jinya guda ɗaya. Alkawari kafin dare: shafin yi wa uwa da jariri rajista, da saƙo ɗaya da zai fita ya shiga waya ta gaske. Cikas: ba a samu izinin shiga hanyar tura saƙonni ba. Mai warwarewa: jagoran ɓangaren fasaha, kafin azahar. Shawara: za a yi amfani da saƙon tes, ba manhajar da sai an sauke ba, domin mata da yawa ƙaramar waya suke riƙewa.

Bayan sallar isha aka sake zama. Jagora bai ce, "Ina labari?" ba. Takardar safe ya buɗe ya karanta.

Ya ce, "Da safe kun ce saƙo ɗaya zai fita kafin dare. Ya fita?"

Shugabar tawaga ta ce, "Malam, saura kaɗan."

Ya ce, "Izinin da kuka nema an ba ku tun ƙarfe ɗaya, ga shi nan an rubuta. Me ya rage?"

Nan ne magana ta fito. Ashe mutum biyu daga cikin masu rubuta manhajar sun wuni suna gina taswirar da za ta nuna asibitin da ya fi kusa. Aiki ne mai kyau, ya kuma burge su, amma babu shi a cikin alkawarin safe, kuma ba shi ne zuciyar aikin ba. Jagora ya tambaye su abin da suke so alƙalai su gani gobe. Suka ce wayar alƙali ta yi ƙara a aljihunsa, ya ciro ya ga saƙon rigakafi. Marubuci ya rubuta: an jingine taswira sai bayan gasa, dalili kuwa saura sa'a 20 kuma saƙo bai fita ba tukuna. Alkawari kafin 10 na safe: saƙo ya shiga wayar jagora.

Da a ce ba a rubuta zaman safe ba, da tawagar ta nuna taswirarta mai kyau, a yaba mata, kowa ya tafi da farin ciki, gaskiya kuma ba za ta fito ba sai Lahadi da la'asar. Ƙarfin takardar yana wurin jera alkawarin ɗazu kusa da aikin yanzu. Shi ya sa ƙwararrun jagorori ke fara kowane zama da karanta na baya.

Amfaninta bai tsaya nan ba. Lahadi da safe wani ɗan tawagar da ya tafi gida ya kwana zai dawo da ƙarfinsa, ya tarar an ajiye taswirar da ya sha wahala a kanta. Idan babu rubutu, sabuwar muhawara ce za ta ɓarke, ta ci rabin sa'a daga lokacin da babu shi. Idan akwai, zai karanta layi biyu, ya ga wanda ya yanke da dalilinsa, ya kama aiki. Rashin barci yana raunana tunani, kuma mutanen da suka kwana a zaune kowannensu zai tuna maganar daren jiya ta wata fuska dabam.

Ita kuwa wannan amsa ta "saura kaɗan" tsohuwar cuta ce a wannan sana'a, ita da 'yan'uwanta: "muna kai", "an kusa", "ai yana aiki a kwamfutata". Masana manhaja suna da wata ba'a da ake jingina wa Tom Cargill na cibiyar bincike ta Bell Labs, wadda Jon Bentley ya yaɗa a wata mujallar kimiyyar kwamfuta a 1985. Ma'anarta ita ce kashi 90 na farko na aiki yana cin kashi 90 na lokaci, sannan kashi 10 da ya rage shi ma ya ci wani kashi 90. Lissafin bai fita ba, kuma nan ne dariyar take. Saboda haka marubucin da ya san aikinsa ba ya rubuta "an yi kashi 80". Yakan tambaya a nuna masa, tunda gani ya kori ji, sai ya rubuta abin da idonsa ya gani: an danna maɓalli, shafi ya buɗe, suna ya shiga rumbun bayanai, saƙo bai fita ba.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, shirin kimiyya da fasahar zamani ne, ana kuma bayani a kan rubuta zaman duba aiki a gasar hakaton.

Wa ya kamata ya riƙe biro? Ba shugaban tawaga ba, domin shi ne mai magana, kuma mai magana yakan ƙawata labarinsa ko bai yi niyya ba. Ba jagora ba, domin hankalinsa yana wurin tambaya. Masu shirya gasa kan ware mutum guda ga kowane rukunin tawagogi, wanda ba ya cikin takara. Kafin a sallami tawaga sai ya karanta musu abin da ya rubuta da babbar murya, su ce haka ne ko su gyara. Wannan karatu bai wuce daƙiƙa talatin ba, amma shi ke mayar da takardar ta zama ta kowa. Yanayinsa ɗaya da littafin uwar adashi: ba don ana zarginta ake rubuta zubi a gaban mai zubi ba, sai don ranar kwasa kada a ce an ce.

Wurin ajiya kuma guda ɗaya ake so, wanda kowa zai iya buɗewa. Da yawa suna amfani da jadawalin Google Sheets, kowace tawaga da layinta, kowane zama da gurbinsa, yadda ido zai bi tafiyar tawaga daga Juma'a zuwa Lahadi a kallo ɗaya. Wasu kan ƙara launi: kore ga wadda ke tafiya daidai, ruwan ɗorawa ga wadda ta fara tangal-tangal, ja ga wadda ta tsaya cik. Dandalin hira irin su Slack da WhatsApp suna da amfani wajen kira da sanarwa, amma ba wurin ajiya ba ne, domin saƙon ƙarfe goma yakan nutse ƙarƙashin ɗaruruwan saƙonni kafin azahar.

Ga masu shirya gasa, wannan jadawali shi ne abin da suke raba ma'aikata da shi. Jagorori kullum ba su da yawa. Idan tawaga shida suka rubuta cikas iri ɗaya, misali hanyar karɓar kuɗi ta ƙi haɗuwa da manhajarsu, ba sai an bi su ɗaya-ɗaya ba. A tara su a kusurwa guda, ƙwararre ɗaya ya yi musu bayani na minti ashirin. Idan tawaga ta maimaita alkawari ɗaya a zama biyu a jere, alama ce ta maƙale ko da ta ce lafiya lau. Idan kuma gurbinta ya zauna babu komai, a tura mutum ya nemo ta.

Akwai wata matsala da duk wanda ya taɓa shiga gasa ya sani, wato saɓanin shawarar jagorori. Wannan ya zo da safe ya ce a mayar da hankali ga asibitocin gwamnati. Wancan ya zo da rana ya ce ina, kuɗin yana wurin asibitoci masu zaman kansu. Na uku ya zo da yamma da tasa. Matasa kuma suna jin nauyin su ce wa babba a'a, sai su riƙa juya akala duk bayan sa'a uku. Idan kowane jagora ya saba karanta takardar tawaga kafin ya zauna da ita, ya kuma rubuta layi ɗaya na abin da ya ce bayan ya tashi, to na bayansa zai san inda aka tsaya, kuma tawaga ta samu abin da za ta nuna cikin ladabi ta ce, "Malam, ga abin da aka tsayar ɗazu, ga dalili."

Wani zai ce ai masu rubuta manhaja suna da nasu kundin. Gaskiya ne. Tun 2005 da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git, da 2008 da aka buɗe shafin GitHub, duk gyaran da aka yi wa manhaja ana iya ajiye shi da sunan mai gyaran da ranar da ya yi da ƙarfe nawa. Gasa da yawa suna sharɗanta cewa a gina aikin a cikin kwanakin gasar, kuma alƙalai kan leƙa wannan kundi su tabbatar. Sai dai Git rubutun manhaja kaɗai yake gani. Bai san wadda ta wuni tana hira da ma'aikatan jinya ba, bai san wanda ya zana shafuka ba, bai san dalilin da ya sa aka ajiye taswira ba. Ranar da aka zo rabon kyauta, ko rabon hannun jari idan aikin ya zama kamfani, waɗannan mutane takardar zama ce kaɗai shaidarsu.

Rikici a kan gasa kuwa ba tatsuniya ba ce. A watan Nuwamba na 2013 kamfanin Salesforce ya sa kyautar dala miliyan ɗaya a gasar da ya haɗa da babban taronsa na Dreamforce a birnin San Francisco. Wata manhaja mai suna Upshot ta lashe. Ba a jima ba ƙorafi ya tashi: an gano cewa an taɓa nuna wani samfurin aikin tun kafin a buɗe gasar, kuma ɗaya daga cikin masu shi tsohon ma'aikacin kamfanin ne. Wasu mahalarta kuma suka ce bayanan da manhajojinsu ke tarawa sun nuna ba a ko buɗe su ba a lokacin tantancewa. Kamfanin ya yi bincike, ya ce masu Upshot ba su karya doka ba, amma ya amsa cewa alƙalan zagayen ƙarshe ba su samu isasshen bayani a kan tsohon aikin da aka shigo da shi ba. Ƙarshenta sai da ya sake fitar da wata dala miliyan ɗaya ya ba ta biyu, Healthcare.love. Tambayar da ta jawo wannan duka gajera ce: me tawaga ta zo da shi daga gida, me ta gina a nan? Shi ya sa ake so zama na farko ya ƙunshi wannan tambaya, a rubuta amsar, a kuma miƙa ta ga alƙalai tare da aikin.

Shi ma rubutun yana da nasa haɗari idan aka wuce gona da iri. Lissafi ne mai sauƙi: tawaga 20, kowace minti uku, sa'a guda ke nan. Idan aka bar kowace ta yi minti goma, an cinye fiye da sa'a uku, sau uku kuma a gasa ɗaya ya kai yini guda na aiki. Don haka wakili ɗaya ake kira, sauran su ci gaba da aikinsu. Idan cikas yana bukatar doguwar magana, a rubuta shi, a sa wa mai warwarewa lokaci, a wuce. Fom mai tambaya ashirin kuwa ba mai cika shi da gaskiya da ƙarfe biyun dare.

Haɗari na biyu ya fi wannan. Da zarar tawagogi sun fahimci cewa alƙalai za su rage musu maki saboda launin ja, to kowa zai zama kore, takardar kuma ta tashi daga aiki. Wajibi ne a faɗa tun daren Juma'a, a kuma cika: abin da aka rubuta a gurbin cikas na neman taimako ne, ba ya shiga maki. Salon rubutun ma yana da tasiri. "Shafin rajista bai haɗu da rumbun bayanai ba" magana ce a kan aiki. "Wane ya kasa" magana ce a kan mutum, kuma wanda aka rubuta wa haka sau ɗaya ba zai sake buɗe baki a zama ba.

Na uku shi ne sirri. Takardar da mutum ɗari ke iya buɗewa ba wurin ajiye kalmar sirri ba ce, ko lambar wayar wadda aka yi hira da ita, ko sunan majiyyaci. Turai tana aiki da dokar kare bayanan jama'a tun 2018, Najeriya ma ta samu tata dokar a 2023, kuma gasar kwana biyu ba ta fita daga ƙarƙashin doka ba. Ya wadatar a rubuta "ma'aikaciyar jinya guda ɗaya" ba tare da suna ba.

A wuraren da wuta da sabis ba su da tabbas, masu shirya gasa kan haɗa hanya biyu. A manna babbar takarda a bango, a ja layuka da alƙalamin maka, a rubuta a nan, sannan a ɗauki hotonta da waya bayan kowane zama, a shigar a kwamfuta idan sabis ya dawo. Ko an ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, bango yana nan. Lokutan zama kuma a sanar da su tun farko, a ɗora su a kan abin da jama'a suka riga suka saba tashi dominsa, kamar bayan karin kumallo ko bayan sallah, don kada a riƙa katse mutum yana tsakiyar warware matsala.

Sai kuma abin da ke faruwa bayan an tafa an watse. A 2020 wasu masu bincike uku, Alexander Nolte da Irene-Angelica Chounta da James Herbsleb, suka bi diddigin dubban ayyukan gasa da aka ɗora a shafin Devpost, suna duba ko an ci gaba da taɓa su a GitHub. Suka samu cewa kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai aka ci gaba da aiki a kansu fiye da wata biyar. Dalilai suna da yawa: ɗalibi ya koma makaranta, ma'aikaci ya koma ofis, kuɗi babu. Amma ko tawagar da ke da niyya, idan ta sake haɗuwa bayan mako uku, takan tarar kowa ya manta inda aka tsaya, da abin da aka yi na wucin gadi don kawai a samu abin nunawa.

Saboda haka ake so a yi zama na ƙarshe bayan an raba kyaututtuka, kafin kowa ya ɗauki jakarsa. Minti goma ya isa. A rubuta abin da ke aiki da gaske da abin da aka yi wa kwaskwarima don idon alƙalai. A dawo da jerin abubuwan da aka jingine, irin taswirar nan ta asibitoci. A rubuta wanda ke riƙe da makullin kowane asusu, da wanda zai ci gaba da wanda ya ce shi ya gama nasa, da ranar haɗuwa ta gaba. Masu shirya gasa su ma su ajiye jadawalin gaba ɗaya, domin idan suka tashi shirya ta baɗi, a ciki za su ga cikas ɗin da ya fi yawan fitowa, da sa'ar da tawagogi suka fi maƙalewa, da irin ƙwararrun da ya kamata su ƙara gayyata.

Masu sauraro, a nan za a dasa aya a shirin na yau. A mako mai zuwa shirin zai duba yadda tawaga ke tsara bayanin minti uku da za ta yi a gaban alƙalai, da abin da ake yi idan manhaja ta ƙi buɗewa a kan dandamali.  

(Kiɗan rufe shiri)